Zaizayar Ƙashin Idon Sawu: Haƙuri Ne Magani, Amma Wa Zai Ba Ɗalibi Damar Yin Sa?

Babu zangon karatun da zai wuce a wannan jami'a tamu ba mu ga ɗalibi yana ɗingishi a kan hanyar zuwa aji ba. Wani a filin ƙwallo ya samo nasa, wani babur ne ya kayar da shi, wata kuwa santsin makewayi ne ya kwashe ta, ko kuma ta zurma kwata da dare saboda rashin fitila. Galibin waɗannan raunuka a idon sawu suke tsayawa, domin a kansa nauyin jiki duka yake sauka. Mun saba ganin haka har ya daina ɗaga mana hankali, iyakarmu mu ce sannu mu wuce. Hankali yakan tashi ne daga baya, ran da aka cire wa mutum filasta bayan mako shida ko takwas, aka sake ɗaukar hoto, sa'an nan aka ce masa ƙashin ya zaizaye.

Kafin magariba labari ya game ɗakin kwana. Wannan ya ce daji ne, wancan ya ce sammu aka binne ya taka, wani kuma ya rantse filastar asibiti ce ta cinye ƙashin, da gida aka kai shi da tuni ya miƙe. Cikin wannan ruɗu ne ake yanke shawarar da kan jawo nadama. Saboda haka muka ga ya wajaba mu faɗi ra'ayinmu a fili. Akwai zaizayar ƙashi wadda ta ɗan lokaci ce, tana warkewa, kuma babban abin da ke mayar da ita nakasa shi ne gaggawa da tsoro. Haƙurin da jinyarta ke bukata kuwa ba zai yiwu ga ɗalibi ba, sai Ƙungiyar Ɗalibai da hukumar jami'a sun sa hannu.

Tushen ruɗun shi ne yadda muka ɗauki ƙashi. Muna ganinsa kamar busasshen icce, wanda in gara ta ci shi ke nan, ya tafi. Alhali kuwa ƙashi rayayye ne, jini yana ratsa shi, kuma kullum cikin rushewa da gini yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai masu aza sabo a gurbinsa, har masana suka ƙiyasta cewa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ake sabuntawa kowace shekara. Abin da ke sa masu ginin su himmantu shi ne nauyi. Tun a 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙwari gwargwadon nauyin da ake aza masa, yana kuma raguwa in an ɗauke nauyin. 'Yan sama jannati sun gaskata maganarsa, domin a sararin samaniya inda babu nauyi, ƙasusuwan ƙafa da na ƙugu sukan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a kowane wata, ga su kuwa lafiyayyun mutane masu cin abinci mai kyau.

To, ƙafar da aka ɗaure cikin filasta, aka hana ta taka ƙasa makonni, haka take zama. Masu rushewa suna aikinsu, masu gini sun yi sanyi, sai ƙashin ya yi sakayau, ya fito dishi-dishi a hoto. Filasta ba ta ci kome ba. Da karan ɗori aka ɗaure ƙafar tsawon wannan lokaci, abin da zai faru ke nan, sai dai ba a ɗauki hoto ba balle a gani. Da zarar an koma takawa sannu a hankali, ginin yakan farfaɗo, ko da yake dawowar ta fi tafiyar jinkiri, takan ɗauki watanni, wani lokaci shekara ko fiye.

Akwai ma inda zaizayar take zama albishir. A tsakiyar idon sawu, tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu da ƙashin dunduniya, akwai wani dunƙulallen ƙashi da likitoci ke kira talus. Fiye da rabin jikinsa guringuntsi ne ya lulluɓe shi, babu tsokar da ta manne masa, saboda haka hanyoyin jininsa kaɗan ne, kuma in ya karye ana tsoron jinin ya yanke ƙashin ya mutu. A 1970 wani likitan Amurka, Leland Hawkins, ya nuna cewa in aka ɗauki hoto mako shida zuwa takwas bayan karayar, aka ga saman ƙashin ya yi dishi-dishi, to alama ce jini yana isa gare shi, domin sai da jini ake iya kwashe sinadarin ƙashi. Wanda jini ya yanke masa shi ne zai tsaya fari fat kamar ba abin da ya same shi. Watau hoton da zai firgita jahili shi ne zai faranta wa likita rai. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu yi wa hoton da ba mu iya karantawa ba fassara a ɗakin kwana.

Akwai kuma nau'i na biyu, wanda ya fi rikitarwa domin yakan zo ba tare da faɗuwa ko bugewa ba. Mutum yana zaune lafiya sai idon sawu ya soma ciwo, in ya taka ya tsananta, in ya huta ya lafa, wani lokaci da ɗan kumburi. A 1959 likitoci biyu a Amurka, Curtiss da Kincaid, suka fara bayyana irin wannan a ƙugun mata uku masu tsohon ciki, a 1968 kuma likitan Faransa Lequesne ya ba shi sunan da ke nufin zaizayar ƙashi mai wucewa. Daga baya aka gane yana kama gwiwa da idon sawu da tafin ƙafa, har yakan bar wata gaɓa ya koma wata. Ya fi kama maza masu matsakaicin shekaru da mata a watanni ukun ƙarshe na ciki, saboda haka ya shafi iyayenmu da malamanmu, da 'yan'uwanmu ɗalibai matan aure. A makonnin farko hoton eksire ba ya nuna kome, domin sai ƙashi ya rasa wajen kashi 30 cikin 100 na sinadarinsa kafin ya bayyana. Hoton MRI ne ke nuna shi da wuri, inda ake ganin ruwa ya taru cikin ɓargo, shi ya sa tun 1988 aka ƙara masa suna kumburin ɓargo mai wucewa. Galibi yakan lafa da kansa cikin wata shida zuwa shekara ɗaya.

Na uku shi ne wanda Paul Sudeck, likitan tiyata a birnin Hambug na Jamus, ya bayyana a 1900. Bayan rauni, ko da ƙaramin targaɗe ne, sai ƙafa ta riƙa zafi kamar an sa wuta, ta kumbura, launin fata ya sauya, gumi ya yawaita, ko mayafi ya taɓa ta sai mutum ya yi ƙara, ƙashin kuma ya zaizaye tabo-tabo. Wannan shi ne wanda aka fi dangantawa da jifa ko iska. Maganinsa rage zafi da motsa gaɓa a hannun masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti, kuma sake ɗaure ƙafar ƙara dagula shi yake yi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe duk ciwon idon sawu a zauna a jira ne. Faufau. Akwai cututtuka masu kama da waɗannan waɗanda jira ke ba su dama su yi ɓarna: mutuwar ƙashi saboda yankewar jini, ƙwayoyin cuta da ke shiga ƙashi su tara mugunya, tarin fuka na ƙashi, tsagewar ƙashi mai ɓoyo, ciwon daji, da lalacewar ƙafar mai ciwon sukari. A ƙasarmu wannan gargaɗi ya fi nauyi, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara, su kuwa mutuwar ƙashi da shigar ƙwayoyin cuta cikin ƙashi sun fi kama su. Zazzaɓi tare da kumburi, ciwon da ke hana barci ko an huta, rama, gyambo mai fitar da ruwa, yatsun da suka yi sanyi ko suka mutu, duk alamu ne na a tafi asibiti yau, ba gobe ba. Ga kuma ƙa'ida mai sauƙi da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992: wanda ya ji rauni a idon sawu ya kasa yin taku huɗu, ko ya ji zafi in an danna kan ƙashin idon sawun ta bayansa, yana bukatar hoto. Haƙurin da muke kira gare shi na bayan ganin likita ne, bayan an tabbatar da abin da ake jinya.

In an tabbatar zaizayar mai wucewa ce, jinyar ba ta da ban mamaki. Ana rage wa ƙafar nauyi da sandunan dogarawa ko takalmin jinya, domin ƙashin da ya yi sakayau yana iya tsagewa. Ana ba da maganin zafi gwargwado. Ana duba bitamin D da kalsiyam a cike gurbi in sun gaza. Ana motsa gaɓar kullum don kada ta sandare tsoka ta shanye, sa'an nan a riƙa ƙara nauyi mataki-mataki yadda likita ya tsara. In ciwon ya ƙi lafawa, akwai magungunan da ake kira bisfosfonet masu rage aikin masu rushe ƙashi, akwai kuma iloprost da ake ƙarawa ta jijiya kwanaki kaɗan don buɗe hanyoyin jini. Duka biyun sai ƙwararre, kuma ba a ba mai ciki. Tiyatar huda ƙashi don rage matsi ita ce ta ƙarshe, kaɗan ne ke kai wa gare ta. Sirrin abin dai shi ne tsaka-tsaki. Wanda ya jefar da sanda ya koma fili saboda wasan ƙarshe ya matso yana neman karaya, wanda kuma tsoro ya hana shi sauke ƙafa ƙasa bayan likita ya ce ya taka yana ƙara wa zaizayar kwana.

Yanzu sai maganar maɗora. Ba mu cikin masu zagin sana'ar da iyaye da kakanni suka dogara da ita tun kafin a buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano cikin 1959. Maɗori yana kusa, kuɗinsa kaɗan ne, yana magana da harshen da majinyaci ke ji, kuma karaya da yawa sun haɗu a hannunsa. Amma gaskiya ɗaya ce: hannu, kome ƙwarewarsa, ba ya ganin cikin ɓargo. Ƙashin da ya zaizaye bai goce ba balle a mayar da shi, bai karye ba balle a ɗora. Ja da murɗawa da matsa ba abin da za su ƙara masa sai haɗarin tsagewa. Ɗauri mai tsanani a kan ƙafa mai kumburi kuwa yana iya tsayar da jini har nama ya ruɓe, kuma likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa da yanke gaɓoɓin da suka iso musu a wannan hali. Garin neman gira kada a rasa ido. Maɗorin kirki shi ne wanda zai ce a kawo masa hoto tukuna, in ya ga abin ba nasa ba ne ya sallami mutum zuwa asibiti, kuma irin wannan ne ya cancanci girmamawarmu.

Abin da ya fi ba mu tsoro ma shi ne kemis ɗin bakin ƙofa. Ɗalibi ya shiga ya ce ƙafa, a ƙulla masa haɗi a leda, bai san sunan ko ƙwaya ɗaya ba. Sau da yawa cikin irin wannan haɗi akwai firednisolon ko deksametazon. Suna kwantar da zafi nan take, mutum ya ɗauka ya warke, alhali shan su tsawon lokaci yana daga cikin manyan abubuwan da ke zaizaye ƙashi, yana kuma jawo mutuwar ƙashi, wadda ba ta wucewa. Su ne dai ake sha don neman ƙiba, abin da ya kamata 'yan'uwanmu mata su yi hattara da shi. Diklofenak kuma, in aka mayar da shi abincin kullum, yana illa ga ciki da ƙoda. Ga taba da barasa, waɗanda dukansu ke jinkirta warkewar ƙashi. Mutum ya shiga da ciwon da zai tafi da kansa, ya fito da wanda zai zauna da shi har tsufa, da kuɗinsa kuma.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce haƙuri na mai hali ne. Ɗalibin da ɗakinsa yake hawa na uku, ajinsa yake wancan ƙarshen jami'a, malami ya ce wanda bai cika yawan halarta ba ba zai zauna jarrabawa ba, ina ya ga wata shida na lallaɓa ƙafa? Hoton MRI kuwa sai manyan asibitoci, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai cin garau-garau da dare. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ɗalibin da ya ruga wajen mai haɗi ba wawa ba ne, jarrabawa ce ta matsa shi ya nemi abin da zai tsayar da shi a kan ƙafarsa gobe da safe. Muddin tsarinmu yana hukunta mai jinya, wa'azin haƙuri ba zai shiga kunne ba. Saboda haka ga abin da muke nema.

Na farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta ware wani abu daga kuɗin da muke biya kowace shekara ta sayi sandunan dogarawa da kekunan marasa lafiya, a ajiye a asibitin makaranta, a riƙa ba da aro da katin shaida. Kuɗin liyafar miƙa mulki ɗaya ya isa ya fara wannan aiki. Na biyu, kowane ɗakin kwana ya keɓe ɗakuna a ƙasa, kusa da makewayi, don masu rauni da masu ciki. Na uku, takardar likita ta zama hujja a wajen kowane sashe: a sassauta ƙa'idar halarta, a sauko da jarrabawar mai sanda zuwa ajin ƙasa, wanda ya rasa gwaji a ba shi na maye. Kada wannan ya dogara ga kirkin malami, a rubuta shi cikin littafin dokokin ɗalibai. Na huɗu, kada a buga wasa ko ɗaya na gasar ɗakunan kwana ba tare da mai taimakon gaggawa a bakin fili ba, a cike ramukan filin, kuma kada kyaftin ya mayar da ɗan wasa fili sai da izinin likita. Na biyar, wakilanmu su zauna da hukuma su bincika abin da kuɗin inshorar lafiyar da ake karɓa a hannunmu ya ƙunsa game da hoto da gashin ƙashi, su liƙa amsar a allon sanarwa kowa ya gani. Na shida, a gyara matakala a yi gangara a ƙofar azuzuwa da ɗakin karatu. Wannan ba alfarma muke roƙo ba. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuwa ya cika tun 2024. Gangarar da za ta amfani mai karaya na wata uku ita ce za ta amfani ɗan'uwanmu da ke kan keke tun yarinta.

Mu ma ɗalibai akwai namu. Ƙashin mutum yana kai wa iyakar ƙwarinsa ne kafin shekara 30, watau yanzu muke tara abin da za mu ci da tsufa. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki cikin ƙashi da haƙori yake, kuma baligi yana bukatar wajen miligiram 1,000 a yini. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can ƙarancin kalsiyam ne babban abin da ya same su, ga rana kuwa tana dukansu kullum. Ba sai mun nemi abincin Turawa ba. Nono da kindirmo, zogale, miyar kuka, riɗi, tamba, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, duk suna kasuwa. Ɗalibin da ya mayar da taliyar leda da lemon kwalba abincinsa safe da dare, ya sani bashi yake ci a wajen ƙasusuwansa. Mu riƙa shan hantsi, mu riƙa tafiya da ƙafa, tun da nauyi ne ke gina ƙashi.

Sa'an nan mu gyara yadda muke yi da majinyaci. Maimakon mu taru a kansa kowa da maganin da ya ji a garinsu, wani ya ɗaukar masa bokitin ruwa, wani ya ara masa littafin darasi, wani ya raka shi ganin likita ya taya shi tambaya: wane iri ne wannan, yaushe zan fara takawa, nauyi nawa, wace alama zan gani in dawo da sauri? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga Sakataren Walwala da Daraktan Wasanni su kawo waɗannan bukatu gaban majalisar ɗalibai a zamanta na gaba, mu kuma za mu bi sawu, mu sanar da masu karatu abin da aka yi da abin da aka bari a fitowa ta gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da suka ɗauka, amin.